Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Hydros Pro Ta Mata Ta Sace Min Zuciya

'Yan uwana mata masu nutso, tun daga farko in gaya muku gaskiya: ba alƙalanci na zo yi ba, yabo na zo yi. Duk wadda ta karɓi takardar shaidar nutso ta PADI ta matakin farko, ta fara sauka mita 18, yanzu kuma take tara kuɗin sayen rigar iska ta nutso, wato BCD, ta ƙashin kanta, to ta matso kusa. Ni dai Scubapro Hydros Pro, ɗinkin mata, ita ce gwanata, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Kun dai san rigar haya. Wannan ƙatuwar jaka mai warin gishiri da za a miƙo miki a shagon nutso a ce ai ƙaramar ce, za ta yi miki. Ina! An yanka ta ne don namiji mai dogon baya da faɗin kafaɗa da siririn ƙugu. Kina hura mata iska a saman ruwa sai ta haura ta rufe miki kunnuwa, maɗaurin ƙirji ya bi ta inda bai kamata ya bi ba, silinda tana rawa a bayanki, bel ɗin dalma kuma yana cin ƙashin ƙugu har ki kwana biyu kina jin sa. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma a nan katarar ce ma ainihin maganar, domin a kanta nauyin ya kamata ya zauna.

Ba kwalliya ba ce. Kowace mita 10 da kika sauka a teku, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar duniya guda, iskar da ke cikin rigar ta tsuke zuwa rabi a mita 10 ɗin farko, kina hawowa kuma ta sake kumbura. Ke nan duk nutsonki wasa ne na ƙara kaɗan, rage kaɗan. A Bahar Maliya abin ya fi haka, don gishirinsa ya kai wajen giram 40 a lita, alhali yawancin tekuna suna wajen 35, shi ya sa ruwan Jidda ke tura mutum sama, sai an ƙara dalma. Yaya za ki iya wannan lissafi da rigar da ke yawo a jikinki?

To shigo da Hydros Pro. Wayyo, wannan riga! Maɗauranta da makarin bayanta ba na yadi ba ne, na wani roba ne mai laushi, mai santsin gani, mai kama jiki, da ake kira Monprene, wanda da zarar ya haɗu da rigar robar da ake sawa a shiga ruwa sai ya lafe ya ƙi motsi. A ɗinkin mata an lanƙwasa maɗauran kafaɗa su zagaye ƙirji maimakon su danne shi, an rage girman jakar iska, an kuma gajarta tiyon hurawa, yadda hannun hagunki zai same shi nan take ba tare da lalube ba. Wannan gajeren tiyo kaɗai ya isa a yi masa guɗa. Jakar iskar tana baya gaba ɗaya, da igiyoyin roba da ke tattare ta idan ba iska, don haka gabanki fayau, haƙarƙari ba matsi, numfashi wasai. Dalma tana cikin aljihunanta biyu na ƙugu masu maɓalli, ga wasu ƙanana a baya don daidaita kwanciya. Bel ɗin dalma? Allah Ya raka taki gona.

Ga wani abin da ke ƙara min son ta: a Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro ta, ta kuma ci kyautar zane ta Red Dot a 2016. Kamfanin ma ba baƙo ba ne a wannan fage, tun shekarun 1970 ya fito da rigar Stabilizer, lokacin da masu nutso ke rataya wani zoben iska a wuya irin na Fenzy. Daga can zuwa nan, ai an yi tafiya.

Amma inda nake jin daɗinta har cikin raina shi ne tsayuwar minti 3 a mita 5, kafin a fito. A Abhur, arewacin Jidda, inda 'yan uwanmu Hausawan can suka fara kai ni, nan ne ake gane wadda rigarta ta zauna da wadda ke kokawa. Ki miƙe a kwance, hannu a harɗe, ƙafa a lanƙwashe, ki shaƙa ki ɗan taso, ki fesar ki ɗan sauka, murjani ja da shuɗi da ruwan ɗorawa a ƙarƙashinki, ƙananan kifaye masu launin lemo suna ta kai-komo ba su ma damu da ke ba, silinda kuma shiru a baya, ko gezau. 'Yar Lokuwa ta Mubi ce fa ni, wadda iyakar ruwan da ta tashi ta sani shi ne kogin Yedzaram, shi ma da rani ya zama yashi. Ikon Allah!

Sai maganar hanya, wadda mu 'yan Mubi muka fi kowa sani. Daga Jidda, jirgi zuwa Abuja ko Kano, wani zuwa Yola, sannan mota har gida. Rigar yadi takan kwana a jiƙe, ta ƙara nauyi, ta sa akwati wari. Wannan kuwa robarta ba ta shan ruwa, kafin ki gama cin abinci ta kusa bushewa. Ki zare aljihunan dalma, ki sa siraran maɗauran tafiya, ki naɗe ta, sauran kilo na tsarabar dabino ne. Kuma kusan kowane ɓangare nata ana kwance shi a sauya, har launi, don haka maɓalli ɗaya ba zai sa ki jefar da riga ba.

Ƙorafi? Akwai ɗan kaɗan. Ba ta zo da babban aljihun zuba tarkace ba, sai ki rataya ko ki sayi na ƙari. Duk rigar da iskarta ke baya kuma takan so ta kifa sabuwar mai nutso a saman ruwa idan an cika ta tam. Maganin: kar ki cika, ki jingina baya, shi ke nan. Babban ciwon dai kuɗi ne, da dala ake magana, naira kuwa kun san halinta, kuma sai an yi sautu daga waje.

Na san wasunku za su taso min. Masu Zeagle Zena, mai zif a gaba, ba sa yarda a taɓa musu ita, kuma na yarda tana da kyau. Wadda take son iska ta rungume ta ta ko'ina, ta zauna daram a saman ruwa, ta duba Scubapro Bella ko Aqua Lung Pearl ko Mares Kaila, duk ɗinkin mata ne, ba laifi. Ni dai kun san inda na tsaya.

Ko wacce za ki ɗauka, 'yar uwa, kar ki saya daga hoto. Ki gwada ta a kan rigar robar da za ki shiga ruwa da ita, har da hular da ke rufe miki gashi, a ɗaura silinda, ki hura ta ta cika, wata ta kama kafaɗun ta ja sama. In ta taɓo kunne, ajiye. In kin kawo ta gida kuma, ki zuba ruwan daɗi a cikin jakar iskar ki girgiza ki zubar, ki bar ɗan iska a ciki, ki rataye ta a inuwa cikin ɗaki, nesa da ranar Afrilu da ƙurar hunturu da ɓeraye. Tawa shuɗiya ce a yanzu, amma idona yana kan ruwan hoda.