Fim ɗin kodin na BBC: ya faɗi gaskiya, amma da saura

A ƙarshen watan Afrilun 2018 sashen Africa Eye na BBC ya saki fim ɗin bincike mai suna Sweet Sweet Codeine, wanda 'yar jarida Ruona Meyer ta gabatar. Washegari gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Da wuya a ga aikin jarida ya motsa hukuma cikin kwana ɗaya, don haka a yaba musu.

Ƙarfin fim ɗin shi ne bai tsaya kan yaron da ke kurɓa a lungu ba. Ya bi kwalbar har hannun masu fito da ita ta bayan fage, da kyamarar ɓoye. Wanda ya kalla ya gane cewa mashayi ne ƙarshen layi, masu cin riba suna can sama.

To amma ga inda nake da ja. Hotunan da suka zauna a zukatan mutane su ne na matasan Kano ɗaure da sarƙa a gidan gyaran hali. Mu da ke zaune a Sabo mun san abin da wannan ke jawowa: maƙwabci ya ɗauka shaye-shaye ciwon Bahaushe ne. Alhali binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fito a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma Kudu maso Yamma ce ta fi yawa. Ciwon na kowa ne.

Na biyu, an hana kwalba, ba a tanadi magani ba. Yaron da jikinsa ya saba ai ba zai daina don an yi sanarwa a rediyo ba, sai ya koma tiramadol ko wiwi. NDLEA ta kama shi, ya fito, ya koma ruwa.

Mu ma da laifinmu. Da yaro ya lalace sai mu ɗora shi a mota, a kai shi gida Arewa gidan mari, don kar unguwa ta ji. Mun manta da ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka kuɓutar a Rigasa ta Kaduna a 2019?

Jama'a, a sake kallon fim ɗin nan tare da yaranmu. Sannan masu unguwa da limamai su nemi asibitin da ke da likitan ƙwaƙwalwa kusa da mu, a san hanyar kai yaro tun abin bai yi nisa ba.