2.4 Matsalar Rubuta Sunayen Garuruwa a Tarihin Zuri'a

Masu rubuta tarihin gidajensu a Wurno da Raba da Gwaranyo sukan dogara da rubuce-rubucen Turawa, musamman Gazetteer of Sokoto Province na E. J. Arnett (1920) da rahotannin jami'an mulkin mallaka da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna. Babu shakka waɗannan ayyuka suna da amfani, domin sun adana sunayen hakimai da shekarun sarautarsu. Amma mai wannan bincike yana ganin kuskure ne a kwafi sunayen garuruwa daga cikinsu ba tare da tantancewa ba.

Da farko, Turawa sun rubuta sunayen ne yadda kunnensu ya ji. Clapperton, wanda ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya rubuta Sakkwato da "Sackatoo", daga baya kuma "Sokoto" ta zauna a takardun gwamnati. Haka Gwaranyo ta koma "Goronyo". Ajami ma bai raba gardama ba, domin alama ɗaya kan wakilci wasulan "o" da "u", shi ya sa ana iya karanta Wurno da "Wurnu".

Na biyu, akwai garuruwa masu suna iri ɗaya. Rabar Sakkwato, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, wadda ake rubutawa "Rabah", daban take da Rabar ƙasar Nufe a bakin Kwara, wadda 'yan'uwan nan Lander suka kira "Rabba" a 1830. Wanda ya haɗa su zai kai kakansa ƙasar da bai taɓa takawa ba, kuma irin wannan kuskure yana iya shafar da'awar gado ko ta sarauta.

Na uku, suna yana iya zama ɗaya amma iyaka ta sauya. Wurno ta zamanin Bello, wanda ya rasu a can a 1837, ribaɗi ce. Bayan 1903 ta zama gundumar hakimi, yau kuma ƙaramar hukuma ce. Idan takarda ta ce an haifi mutum a Wurno, wajibi ne a gano garin ake nufi ko gundumar.

Saboda haka, wannan kundi zai riƙa kawo suna kamar yadda yake a takardar asali tare da shekararta, sannan ya biyo da yadda mutanen garin suke furta shi.