Editan da Ke da Ɓangare: Manik Mia da Al'adar Jaridun Bengali

Tun daga 1818, shekarar da aka fara buga jarida da harshen Bengali, mutanen Bengal suka saba da wani irin edita wanda wuƙa da nama duk suna hannunsa. Shi ke da jaridar, shi ke rubuta sharhinta, shi ke fafutukar kuɗin takarda da tawada, idan hukuma ta fusata kuma shi ake sa wa ankwa. Harinath Majumdar, malamin makaranta a garin Kumarkhali, ya fara Grambarta Prakashika a 1863 don ya tona zaluncin da manyan masu ƙasa da Turawa masu gonakin baba suke yi wa manoma. A 1878 gwamnatin Lord Lytton ta kafa dokar taka wa jaridun harsunan gida birki, sai masu Amrita Bazar Patrika suka mai da tasu ta Ingilishi zalla, dokar ta rasa inda za ta kama su. A 1923 mawaƙi Kazi Nazrul Islam ya sha ɗaurin shekara guda saboda abin da ya buga a Dhumketu. A wannan al'ada ba a tsammanin edita ya tsaya tsakiya. Abin da mai karatu ke tambaya shi ne: yana tare da wa, kuma me zai iya jurewa a kan haka?

Wanda al'adar ta fi bayyana a jikinsa, da ƙarfinta da rauninta, shi ne Tofazzal Hossain, wanda aka fi sani da Manik Mia. An haife shi a 1911 a Bhandaria, cikin yankin koguna na kudancin Bengal. Bayan ya gama digiri a Barisal a 1935, ya kama aikin akawu a kotun Pirojpur. Akawun kotu a karkarar Bengal ya san talaka ta hanyar takardunsa: rigimar iyakar gona, bashin da ya ci fili, harajin da ya gagara biya. Daga nan ɗan siyasa Huseyn Shaheed Suhrawardy ya ja shi a jiki, har ya kai shi Kalkata, inda ya yi aiki a ofishin jam'iyyar Muslim League da kuma jaridar Ittehad. Bayan raba Indiya ya koma Dhaka. A 1949 aka kafa Ittefaq, mai fitowa mako-mako, don ta zama bakin sabuwar jam'iyyar adawa ta Awami Muslim League, wadda Maulana Bhashani ke shugabanta. Manik Mia ya zama editanta a 1951, ranar 24 ga Disamba 1953 kuma ya mai da ita ta kullum.

Lokacin ya zo masa daidai. Pakistan ta wancan zamani gida biyu ce, da tazarar kusan kilomita 1,600 ta ƙasar Indiya a tsakani. Gabas ta fi yawan jama'a, ramar da manomanta ke nomawa ita ke kawo mafi yawan kuɗin waje, amma fadar gwamnati da manyan hafsoshi da manyan ma'aikata suna Yamma. Ranar 21 ga Fabrairu 1952 'yan sanda suka harbe masu zanga-zanga a Dhaka kan neman a sa Bengali cikin harsunan hukuma. A zaɓen lardi na 1954 gamayyar 'yan adawa ta kwashe kujeru 223, Muslim League ta tashi da 'yan tsiraru, kuma Ittefaq ce ta yi wa gamayyar shela daga farko har ƙarshe.

Makamin Manik Mia shi ne filinsa na sharhin siyasa, Rajnoitik Mancha, wanda yake sa wa hannu da sunan Musafir. Dabararsa ita ce ya ɗauko maganar da ta saba tsayawa a bakin masana, kamar rabon kasafi tsakanin Gabas da Yamma ko yawan 'yan Bengal a aikin soja, ya warware ta yadda mai kanti da malamin firamare za su iya maimaita ta da bakinsu. A ƙasar da akasarin jama'a ba su yi karatu ba, kwafi ɗaya kan ciyar da taro: mutum guda ya karanta da ƙarfi a rumfar mai shayi, sauran su saurara, sannan gardama ta ɓarke. Rubutun da zai rayu a irin wannan wuri dole ya shiga kunne a karo ɗaya, ya kuma bar wa mai sauraro hujjar da zai tafi da ita gida.

Kuɗin da ya biya bai yi kaɗan ba. Gwamnatin soja ta Ayub Khan ta ɗaure shi a 1959, ta sake ɗaure shi a 1962. Da ya mara wa buƙatu shida na ɗan adawa Sheikh Mujibur Rahman baya, waɗanda ke neman Gabas ta riƙe harajinta da kuɗin wajenta, sai aka kama shi a Yuni 1966, aka rufe Ittefaq, aka ƙwace maɗaba'arsa ta New Nation. Wannan karon hukuma ta gane inda lagon al'adar yake. Tun da jarida da maɗaba'a da murya duk na mutum ɗaya ne, kwado guda a ƙofa ya isa ya rufe su gaba ɗaya. Jaridar ba ta dawo ba sai a Fabrairu 1969, ana tsakiyar boren da ya kawar da Ayub. Ranar 1 ga Yuni na shekarar Manik Mia ya rasu a Rawalpindi. A Maris 1971 sojojin Pakistan suka cinna wa ofishin Ittefaq wuta.

Sai dai jarumta a gaban abokin gaba ba ta isa ta wanke edita ba. A 1956 Suhrawardy ya zama Firaminista, a 1957 kuma suka ɓata da abokin jam'iyyarsa Bhashani kan ƙawancen soja da Amurka da kuma batun cin gashin kan Gabas. Ittefaq ta bi Suhrawardy, ta juya wa dattijon da aka kafa ta da sunansa baya. Mai karatun da ya saba jin Musafir yana tuhumar gwamnati, sai ya ji shi yana kare ta. Wannan shi ne cikas ɗin editan da ke da ubangida: idonsa kan yi kaifi muddin mutanensa suna waje, ya dushe idan suka shiga ofis.

Saboda haka abin da ya fi dacewa a auna shi da shi shi ne Janairun 1964. Bayan ɓacewar wani abin tabarruki daga masallacin Hazratbal na Kashmir, rikici ya ɓarke a Khulna da Dhaka da Narayanganj, aka far wa mabiya addinin Hindu. Wasu daga cikin masu kisan daga al'ummar da ke sayen jaridarsa suka fito. Manik Mia ya shiga sahun gaba na kwamitin da ya tashi don tsai da fitinar, jaridarsa kuma ta yi kira ga jama'a a shafin farko su tare 'yan ta'adin. Sukar Ayub Khan tana ƙara wa edita masoya ko da ta kai shi kurkuku. Tsawata wa masu karatunsa kuwa tana iya raba shi da su, kuma ya yi. Babban titin da ya bi ta gaban majalisar dokokin Bangladesh, wato tsohuwar Pakistan ta Gabas, a yau sunansa yake ɗauke da shi. Ga mai nazarin aikin jarida, 1957 da 1964 sun fi 1966 koyar da darasi, domin su ne shekarun da ɓangarensa da gaskiya suka rabu, aka ga wanda ya zaɓa a kowace.