Wai Shin Mene Ne Cafke Ƙwallo a Dokar NFL?

Duk ɗalibin da ya yi kaka ɗaya a Amurka ya san ba ya kuɓuta daga ƙwallon nan tasu mai siffar ƙwai. Ranar Asabar jami'o'i, ranar Lahadi ƙwararrun NFL. Da yawa daga cikinmu, mu da muka tashi da tamaula mai dokoki 17, mun saba cewa wasan ne ke da wuyar fahimta. Ni a ganina wasan bai kai yadda aka rubuta dokokinsa wuya ba, kuma babu inda wannan ya fito fili kamar dokar cafke ƙwallo.

Yaro ɗan shekara biyar ya san abin da ake nufi da cafkewa. Amma a watan Satumba na 2010, Calvin Johnson na Detroit Lions ya daka tsalle ya kama ƙwallo a filin ci, ya sauke ƙafafunsa biyu, ya faɗi, sai ƙwallon ta taɓa ƙasa ta bar hannunsa yana shirin miƙewa. Alƙalan wasa suka ce bai cafke ba, Chicago Bears ta yi nasara da 19 da 14. Abin mamaki, alƙalan ba su saɓa wa littafi ba. Dokar lokacin ta ce wanda ke kan faɗuwa sai ya riƙe ƙwallon har ya gama haɗuwa da ƙasa. To, yaushe mutum yake gama faɗuwa? Nan aka bar kowa da ra'ayinsa.

Irin haka ta sami Dez Bryant na Dallas Cowboys a Green Bay a watan Janairu na 2015, bayan ya kama ƙwallo ya miƙa hannu zuwa layin ci. Ta sake samun Jesse James na Pittsburgh Steelers a Disamba ta 2017. A tsakanin waɗannan shekaru an yi ta taɓa kalmomin dokar, a cire wannan a liƙa wancan, a ƙara bayani a ƙarƙashin bayani, har ta zama kamar rigar da faci ya fi yadinta yawa. Kowane faci an yi shi ne don amsa rigimar bara, sai ya haifi ta bana.

Wannan ɗabi'a tsohuwa ce a wurinsu. A 1999 aka sa wata 'yar ƙaramar doka a cikin bayanan ƙasa, wadda ta ce idan mai jifa ya fara tura hannu gaba, ko da ya fasa yana dawo da ƙwallon jikinsa, in ta kuɓuce jifa ce da ba a kama ba. Mutane kaɗan ne suka san da ita sai a Janairu ta 2002, da ta ceci Tom Brady a hannun Oakland Raiders cikin dusar ƙanƙara. Ba a soke ta ba sai a 2013.

Sai dai kada mu yi saurin ɗora laifin duka a kan tsawo. Wasan da ake tsayar da shi bayan kowane yunƙuri, ake kuma maimaita hotonsa a hankali daga kowace kusurwa, dole ya buƙaci bayani fiye da tamaula. Mu ma tamaularmu ba ta tsira ba. A 2016 hukumar IFAB ta rage littafinta daga kalmomi kusan 22,000 zuwa kusan 12,000, amma ga shi tun 2019 an yi ta sake rubuta dokar taɓa ƙwallo da hannu, rigima kuma ba ta mutu ba. Gajarta daban, fayyacewa daban.

Shi ya sa nake yaba gyaran da masu kulob-kulob na NFL suka amince da shi gaba ɗayansu, su 32, a watan Maris na 2018. Sun tsayar da sharuɗɗa uku: ƙwallo ta zauna a hannu, ƙafafu biyu ko wani sashe na jiki ban da hannu ya sauka cikin fili, sannan ɗan wasa ya yi wani motsi irin na wasan. Ƙarfin gyaran yana wurin misalan da aka bayar na wannan motsi, wato taku na uku, ko miƙa ƙwallon gaba. Taku abu ne da alƙali zai ƙirga, ɗan kallo ma zai ƙirga tare da shi. An kuma cire sharaɗin nan na faɗuwa ga wanda ya riga ya cika ukun. Da wannan ma'auni, abin da Bryant da James suka yi cafkewa ce.

Inda ban gamsu ba shi ne wutsiyar da aka bari a sharaɗi na uku, cewa ko ɗan wasa bai yi motsin ba, ya wadatar in ya riƙe ƙwallon tsawon lokacin da zai iya yinsa. Wannan ba abin da ido ya gani ba ne, abin da zai iya faruwa ne, kuma alƙali biyu za su kalli hoto ɗaya kowa ya auna wannan lokaci da nasa agogon.