Jarrabawar Malaman Kaduna: Abin da Ta Auna da Abin da Ta Bari

Duk wanda ya ƙetare gadar Kaduna ya nufi kudu, zai tarad da Kakuri da Makera da Nasarawa, unguwannin da masaƙu suka raya. A Kakuri aka buɗe babbar masaƙar Kaduna cikin 1957, waɗansu suka biyo baya, mutane suka yi ta kwararowa neman aiki. Da masaƙar nan ta rufe cikin 2002, iyaye da yawa suka rasa abin biyan makarantar kuɗi, ba su da inda za su kai 'ya'yansu sai makarantar hukuma. Saboda haka abin da aka yi wa malaman firamare cikin 2017 ya shafi kowane gida na wannan yanki, ya kuwa kamata a dube shi da idon basira.

Ga yadda abin ya gudana. A zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i aka zaunar da malaman firamare wajen 33,000, aka ba su tambayoyi irin na 'yan aji huɗu, aka ce ba wanda ya ci sai mai maki 75 cikin ɗari. Mutum 21,780 suka kasa. Hukuma ta sallame su, ta ce za ta ɗauki sababbi 25,000. Ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki cikin Janairu 2018, amma ba a yi mako biyu ba ta janye.

Adalci ne a fara da abin yabo. Malamin da bai iya lissafin ɗan aji huɗu ba, ba shi da abin da zai ba ɗan aji huɗu. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa waɗansu sun sami aikin nan ne ta hanyar sanayya da siyasa, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Jarrabawar ta fito da maganar fili, ta kuma tuna wa jama'a cewa ɗan talaka ma yana da hakkin a koya masa daidai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma fa sani dabam, iya koyarwa dabam. Takardar jarrabawa tana iya nuna ko mutum ya san rabawa. Ba ta iya nuna ko zai tsaya gaban aji cike maƙil, ya gane yaron da ya ɓace tun daga tarawa, ya komo da shi hanya ba tare da bulala ba. A makarantun kudancin kogi ma akwai wani nauyi na musamman. Aji guda yakan haɗa ɗan Bahaushe da ɗan Gbagyi da ɗan Bajju da ɗan Tibi, kowa da harshen da ya taso da shi, littafi kuwa da Turanci. Malamin da ya iya haɗa kan waɗannan yara har su karanta layi guda su fahimta, gwani ne, ko da ya sami maki 70. Wanda ya sami 90 kuma yana iya shekara yana rubutu a allo, yara suna maimaitawa kamar aku. Jarrabawar ta kori na farko, ta bar na biyu.

Mutanen da suka san wannan. A zamanin kwalejojin horon malamai, ba a ba mutum takardar malanta mai daraja ta biyu sai an shiga aji an zauna, an ga yadda yake koyarwa da idanu. Gani ya kori ji. Wannan ma'auni ne jarrabawar 2017 ta rasa.

Aibi na biyu ya fi na farko girma, watau an kama reshe an bar tushe. Tsofaffin ma'aikatan Kakuri za su shaida cewa idan yadi ya fito da aibi, ba masaƙi kaɗai ake tuhuma ba. Akan duba zaren, a duba injin, a tambayi wanda ya koya masa aiki. To, waɗannan malamai da suka faɗi, wa ya horar da su? Wa ya sa hannu a takardunsu? Ruwa ba ya tsami banza. Tun 1976, sa'ad da aka soma ilmin firamare kyauta ga kowa, aka buƙaci malamai da gaggawa, aka yi ta yaye su a gurguje. Shaida kuwa ba ta daɗe ba ta bayyana: cikin 2018 aka sake sallamar fiye da 4,000 daga cikin sababbin da aka ɗauka, domin su ma an same su da rauni. Rijiya guda aka koma ɗiba.

Waɗansu sun ce na'ura za ta toshe giɓin. An gwada wannan cikin 2020, lokacin da annoba ta rufe makarantu, hukuma ta riƙa watsa darussa ta rediyo da talabijin. Dabara ce mai kyau, ta kuma yi amfani ga gidan da ke da wuta da mai duba yaro. Sai dai rediyo ba ya ganin fuskar wanda bai gane ba, kwamfuta kuma ba ta riƙe hannun yaro ta nuna masa yadda ake kama fensir.

Da aka sake jarrabawa cikin Disamba 2021, an ɗan gyara: masu matsakaicin maki an ce a ba su horo su sake gwadawa. Nan ne hanya take. Abin da ya rage shi ne a mayar da sufeto cikin aji, a tsananta wa kwalejojin da ke yaye malamai, a biya malami albashinsa kan kari, domin mai basira ya yarda ya zauna. In ba haka ba, za a yi ta kora ana ɗauka, yaron Makera kuwa yana girma, shekarunsa na aji huɗu ba sa jiran kowa.