Ƙunshin zongzi, gwanintar hannun iyayen Sinawa

Ranar 5 ga wata na 5 a kalandar gargajiyar Sinawa ake bikin Duanwu, na tseren kwale-kwale. Abincin ranar shi ne zongzi, shinkafa mai danƙo da aka ƙunshe cikin ganyen gora ko na iwa. Sinawa na danganta shi da Qu Yuan, mawaƙi kuma bafaden daular Chu, wanda 'yan hassada suka sa sarki ya kore shi. Da ya ji babban birnin ƙasarsa ya faɗa hannun daular Qin a shekara ta 278 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai ya jefa kansa cikin kogin Miluo. An ce mutanen yankin sun yi ta jefa shinkafa cikin ruwa don kifaye su ƙyale gawarsa. Shi ya sa har yau ana cin zongzi da tunawa da mai gaskiyar da aka wulaƙanta.

Ni dai abin da ke burge ni shi ne naɗin. Tun da daddare ake jiƙa shinkafa ta kwana, a tafasa ganye ya yi laushi don kada ya tsage. Tsohuwa za ta haɗa ganye biyu, ta lanƙwasa su su yi tsini a ƙasa ba tare da ko 'yar kafa ba, ta zuba shinkafa, ta sa abin haɗi a tsakiya, ta ƙara shinkafa, ta danne da babban yatsa, ta rufe, ta ɗaure da zare, sau da yawa bakin zaren na tsakanin haƙoranta. Duk wadda ta taɓa ƙulla alala a ganye ta san inda gizo ke saƙa. Ɗauri ya yi sako-sako, ruwa ya shiga, shinkafa ta caɓe. Ya yi tsauri fiye da kima, tsakiya ta ƙi nuna, domin shinkafa na buƙatar wurin kumbura. Babu ma'auni, hannu ne kawai ke ganewa. Daga nan sai tukunya ta yi awanni tana tafasa.

'Yan arewacin Sin sun fi son mai zaƙi, da jan dabinonsu, 'yan kudu kuwa mai nama da gwaiduwar ƙwai mai gishiri. Na kudun yawanci da naman alade ake yi, don haka mai ziyara ya nemi na halal a wurin Musulmin ƙabilar Hui.