Baƙo a Birnin Rum: Sharhi a kan Littafin de Camp

Tun da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, marubutanmu sun san ana iya ɗaukar yaro a kai shi sararin samaniya. Abin da har yanzu ba mu cika taɓawa ba shi ne mayar da mutum baya cikin zamani. Don haka nake so 'yan'uwa su dubi Lest Darkness Fall na L. Sprague de Camp, Ba'amurke, wanda ya fito a littafi a 1941.

Labarin Martin Padway ne, masanin kayan tarihi, wanda tsawa ta faɗa kusa da shi a birnin Rum, ya farka ya tsinci kansa a shekarar 535, lokacin da Gotawa ke mulkin Italiya. Gwanintar de Camp ita ce bai bar jarumin ya fara da wa'azin kimiyya ba. Cikinsa ya fara yi wa tanadi. Ya ci bashi wurin wani mai ba da rance, ya kafa sana'ar tace barasa (Allah ya kiyashe mu), ya koya wa akawu lissafi da alkaluman Larabawa, sannan ya kafa injin ɗab'i da jarida. Ya gwada haɗa albarushi, abin ya ƙi. Wannan gazawar ce ta sa na yarda da shi.

Inda muka raba gari shi ne ƙarshen littafin. Padway ya rubuta wa Sarki Justiniyan wasiƙa yana ba shi shawarar ya tare bayyanar Musulunci tun kafin ya zo. To, duhun da sunan littafin ke tsoro, duhun wa ne? Alkaluman da Padway ya ci abinci da su, al-Khwarizmi ne ya yi littafi a kansu a Bagadaza wajen 825, cikin ƙarnonin da Turawa ke kira na duhu. Marubucin ya sa jaruminsa ya sare bishiyar da yake shan inuwarta, bai kuma lura ba.

Mai son gwada wannan salo a nan Katsina ba sai ya je Rum ba. Ga zamanin Muhammadu Korau, ga hasumiyar Gobarau, ga majalisin Ɗan Marina da Ɗan Masani. Sai dai ya fara tambayar kansa: ɗan bokon da zai jefa tsakiyar malaman nan, me zai ci a daren farko, kuma wa zai koya wa wani karatu?